Wuta Huɗu a Gini Ɗaya: Tafiya Zuwa Hausari

A watan Afirilun 2025 Kawu ya kira ni daga Maiduguri, kuma tun daga sallamarsa na ji babu natsuwa a muryarsa. Ƙanin mahaifiyata ne. Ya yi fiye da rabin rayuwarsa a Hausari yana sayar da yadi, yana kuma da wani bene da ya zuba wa 'yan haya ba nisa da Babban Layi. Ya ce an kira wani yaro mai gyaran wuta ya canza soket a ɗaya daga cikin shagunan. Yaron ya je ya kashe babban makunnin ginin da hannunsa, ya dawo ya sa sukundireba, sai wuta ta fizge shi ta maka shi da bango. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba.

"To ɗana," in ji Kawu, "idan an kashe wuta kuma ba ta mutu ba, ina kuma mutum zai kashe? Ka zo ka duba mini ginin nan."

Sana'ata ke nan a Kano, wayarin ɗin shaguna da ofisoshi. Na haɗa na'urar awon wuta da tasta da filaya da littafin rubutu, na kama hanya.

Mai zuwa Maiduguri daga Kano da asuba yake tashi, don ya bar Damaturu da sauran rana. Tafiyar ta kusa kilomita 600. Wudil, Shuwarin, Azare, Potiskum, duk mun wuce su ana hira ana gyangyaɗi. Daga Damaturu ne motar ta yi tsit. Ngamdu, Benisheikh, Mainok, Jakana, Auno, sunaye ne da duk mai sauraron rediyo ya sha ji a shekarun tashin hankali, ga shingayen sojoji nan birjik, kowa ya riƙe katin shaidarsa a hannu. Ni kuwa idona yana kan manyan turakun ƙarfen nan da ke ɓullowa suna ɓacewa a cikin daji, masu ɗauke da layin wuta mai kilobolt 330 da ya taso daga Gombe, ya bi ta Damaturu, ya sauka a Molai a bakin Maiduguri.

Wanda bai san labarin wannan layi ba, ba zai gane abin da ke cikin bangon shagunan Maiduguri ba. A watan Janairun 2021 'yan tayar da ƙayar baya suka kayar da wasu daga cikin turakun, gari ya faɗa duhu. Ma'aikatan kamfanin TCN mai kula da layin suka yi kasada suka gyara, aka maido da wuta a ƙarshen watan Maris, cikin 'yan kwanaki aka sake dasa bam a gindin wasu. Birni guda, babban birnin jiha mai jami'a da asibitin koyarwa, ya yi wata da watanni babu wutar gwamnati. A ranar 2 ga Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe tashar wuta mai aiki da iskar gas da kamfanin NNPC ya gina wa garin, mai megawat 50. Tsakanin duhun da buɗe tashar, kowane ɗan kasuwa ya nemi mafita da kansa. Wani ya sayi inji, wani ya jawo waya daga injin maƙwabci yana biya kullum, mai hali ya hau rufi ya shimfiɗa sola. Kowace mafita kuwa ta bar waya a cikin bango, kuma yawancinsu babu wanda ya rubuta daga ina suka fito.

Mun shiga ta Njimtilo da la'asar sakaliya. Babu acaɓa a Maiduguri tun da aka hana shi a 2011, don haka Keke Napep ya ɗauke ni ta Post Office, ya zagaya gefen Monday Market, ya ajiye ni a Hausari. Zafin bazarar Maiduguri ya wuce misali, har inuwar darbejiya ma huci take yi. Amma unguwar cike take da rai: masu yadi, masu ɗinkin hula, masu kayan waya, ƙamshin turaren wuta yana fitowa daga shaguna yana haɗuwa da hayaƙin injina, Hausa da Barbarci suna cakuɗuwa a bakin mutum ɗaya a cikin ciniki ɗaya. A gidan Kawu aka kawo burabusko da miyar busasshen kifi, na ci na kwanta a tsakar gida.

Da safe muka je ginin. Shaguna takwas ne a ƙasa, cikinsu akwai tela, da mai kemis, da mai POS da cajin waya, da mai ƙanƙara da ruwan sanyi, sauran masu yadi ne. A sama ofisoshi shida, har da wurin buga takardu mai kwamfutoci. Yawancin kayan wutar suna ƙarƙashin matakala, a wani lungu da aka jibge tsintsiya da bokitai da kwalayen yadi. Da aka kwashe su na haska tocila. Ga katawut guda uku a jere, ga mita, ga canjoba har biyu, ɗaya da hannun ƙarfe ɗaya ƙarama ta roba, ga akwatin rarraba wuta wanda muke ce wa dibi, murfinsa yana rataye da ƙusa ɗaya. A jikin bangon, kamar kamu biyu daga ƙasa, akwai zanen laka da ruwa ya bari. A cikin murfin akwatin, inda ya kamata a ga jadawali, babu komai sai lambar wayar wani da aka rubuta da maka, ita ma ta koɗe. Bireka goma sha takwas, duk farare, duk iri ɗaya, babu wadda ta faɗi abin da take riƙe da shi.

Kafin azahar na gano abin da ya faru. Wuta huɗu ce ke shiga ginin. Akwai ta kamfanin YEDC mai rarraba wuta a Borno da Yobe da Adamawa da Taraba, wadda har gobe kowa NEPA yake ce mata. Akwai injin da Kawu ya saya a shekarar duhu. Akwai sola da aka sa bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lokacin da shan man injin ya fi ƙarfin 'yan haya. Sannan akwai wata waya da mai ƙanƙara ya jawo ta tagar baya daga injin maja na wani maƙwabci. Wanda ya sa solar ya zare wasu soket daga babban akwatin ya mayar da su kan wani ƙaramin akwati da ya kafa a sama, a bayan wata durowa a cikin ofishin da ke kulle rabin yini. Soket ɗin da ya ja yaron yana cikinsu. Babban makunnin ƙasa ba shi da iko a kansa ko kaɗan. Yaron ya yi abin da aka koya masa, ginin ne bai gaya masa gaskiya ba. Abu ɗaya da ya tsallake shi ne gwada wayar da tasta kafin ya taɓa, kuma wannan na faɗa masa a gaban ubangidansa, domin ko rubutu ya cika bango, mai hankali ba ya taɓa waya sai ya gwada.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba sabon ilimi ake buƙata ba. Tsarin wutarmu gadon Ingila ne: soket mai ƙafa uku masu kusurwa mai ɗaukar amfiya 13, bolt 230 tsakanin layi da nutural, kusan 400 tsakanin layi da layi. Littafin ƙa'idar wayarin na Ingila, BS 7671, wanda yawancinmu da shi aka koyar da mu, yana da sashe guda, na 514, a kan alamomi da sanarwa kaɗai. Ya ce kowace bireka a iya gane da'irar da take karewa, a ajiye jadawali a jikin akwatin ko kusa da shi, kuma duk ginin da ke da wata hanyar samun wuta ban da ta gwamnati a kafa gargaɗi a bakin mita da bakin akwati. A nan gida hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin samar da wuta da haɗa ta a 2015, a shekarar kuma aka yi dokar hukumar NEMSA mai duba aikin wayarin da ba masu sana'ar shaida. Ƙa'idojin dai suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai gini ya tambayi takardar kafin ya biya cikon kuɗin aiki. Fenti da tayil kowa yana dubawa, jadawalin akwati kuwa ban cika haɗuwa da wanda ya tambaya ba.

Kawu ya ce wanda ya yi wa ginin wayarin na farko yana raye, sai dai ido ya yi rauni. Bayan la'asar muka je gaishe shi a cikin unguwa. Muka same shi a zaure a kan buzu, ga carbi, ga rediyo a gefe. Da Kawu ya gabatar da ni, sai ya miƙo hannu ya laluba tafina ya ce, "Hannun aiki ne." Na ce, "Baba, ginin Kawu ne ya kawo ni, na zo a ba ni haske." Ya yi shiru kaɗan, sannan ya fara jero mini da'irorin daga ka. Ta farko fitilun shagunan gabas. Ta biyu fitilun yamma. Ta huɗu soket ɗin shago na ɗaya da na biyu. Ta tara matakala da baranda. Yana faɗa ina rubutawa, har ya kai goma sha biyu ya tsaya.

"Iyakar nawa ke nan, ɗan nan. In ka ga fiye da haka, ba ni ba ne."

Ya ce a zamaninsu in ka gama aiki sai ka rubuta kati ka soke shi a cikin murfin akwatin fis, kuma ya yi wa Kawu. Akwatin fis ɗin ne aka cire aka sa na bireka, katin ya tafi tare da shi. Da na gwada jerin Baba washegari, biyar ne kaɗai suka yi daidai da abin da ke bango. Ba mantuwa ya yi ba. Hannu nawa ne ya shiga akwatin nan bayansa, kowa ya ƙara nasa ya tafi da saninsa a kansa? Na daɗe ina tunanin wannan. Dattijon nan ya riƙe amanar aikinsa shekara da shekaru a ƙwaƙwalwa, amma ƙwaƙwalwa tana zaure a wata unguwa, gobara kuwa in ta tashi ba ta jira a je a ɗauko kowa.

Shi ne ma ya ja hankalina kan launi. Ya ce a saninsa ja da ɗorawa da shuɗi su ne layuka masu wuta, baƙi nutural, kore wayar ƙasa, amma yaran yanzu suna gaya masa wai baƙi yana ja. Gaskiya suka faɗa masa. Tun 2004 Ingila ta bi tsarin Turai, daga 2006 kuma ya zama dole a can: layuka uku su ne ruwan ƙasa da baƙi da ruwan toka, nutural ya koma shuɗi, wayar ƙasa kore da ɗorawa a haɗe. Wato baƙin da yake nutural a tsohon tsari yanzu mai wuta ne, shuɗin da yake mai wuta yanzu shi ne nutural. A kasuwanninmu kuwa duka biyun ake sayarwa. Waya ɗaiɗai har yanzu ja da baƙi aka fi sani, kebul ɗin da aka shigo da shi kuma sau da yawa da sabon launi yake zuwa. A ginin Kawu haka na tarar. Bayan da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024, ruwa ya mamaye Monday Market da fadar Shehu da Gwange da unguwanni da dama, an canza kebul ɗin da ke tashi daga mita zuwa akwati cikin gaggawa, kuma na sabon launi aka samu. Sai ga baƙar waya mai wuta kwance kusa da baƙar waya nutural a cikin akwati ɗaya, tazararsu ba ta kai yatsa biyu ba. Wanda ya musanya su zai tura bolt 400 cikin kayan da aka yi wa 230, kwamfutocin sama da firjin mai kemis su ƙone a lokaci guda. Kowace waya sai da muka sa mata zoben roba mai harafi, L1, L2, L3, N, muka kuma manna sanarwa a murfin cewa launi iri biyu ne a ciki.

Aikin gano da'irori ba shi da wuya, haƙuri yake so. Bayan sallar asuba muke farawa, kafin a buɗe shaguna, 'yan haya sun bar mana makullai a hannun maigadi. Muna tayar da inji don kada a ɗauke wuta ana tsakiyar gwaji. Yaron nan da wuta ta ja shi ya zama mataimakina, kuma ban taɓa samun mai kula irinsa ba. Yana zagayawa da ƙaramar fitila mai fulogi, ni ina gaban akwati, wayar salula a kunne. In kashe bireka ɗaya, shi kuma ya bi soket da makunni ɗaya bayan ɗaya yana faɗa mini wanda ya mutu. "Oga, shago na uku, na bayan ƙofa ya ɗauke. Na gefen taga yana nan." In rubuta. Kafin mu fara na zana taswirar ginin a takarda, na ba kowane ɗaki lamba, muka kuma rubuta lambar da fenti a saman kowace ƙofa.

A kan wannan sai da muka yi 'yar jayayya da Kawu. Shi so yake a rubuta "shagon tela" da "shagon mai kemis", don haka kowa ya san su. Na ce, "Kawu, telan nan in ya tashi baɗi mai aski ya shiga fa?" Dokar wayarin ta Amurka ma ta hana a kwatanta da'ira da abin da zai iya canzawa in mai haya ya canza, kuma hujjarta a fili take. Rubutun nan ba don waɗanda suka san ginin ake yin sa ba. Don baƙo ake yi, wanda zai shigo da dare, ko cikin hayaƙi, bai san tela ba bai san mai kemis ba, amma zai iya karanta lamba a saman ƙofa. Kawu ya yarda da sharaɗin a bar fili a gefen jadawalin inda za a riƙa rubuta sunan sana'ar da fensir.

Tsarin da muka bi shi ne wanda ake bi a manyan gine-ginen kasuwanci. Kowane akwati da sunansa: na ƙasa DB1, wani na ofisoshin sama DB2, ƙaramin na sola DBS. Kowace bireka da lambarta. A fuskar kowane soket da makunni sai a sa sunan akwati, da lambar bireka, da layin da take kai. Wanda ya ga DB1/5/L2 a kan soket ya san ya sauka ƙarƙashin matakala ya kashe ta biyar. A cikin murfin kuma jadawali ya nuna lambar, da ƙarfin birekar, da kaurin wayar, da ɗakunan da take ciyarwa. Da Hausa muka rubuta bayanin, da Turanci a ƙasansa, mun kuma yi shi da manyan baƙaƙe yadda za a karanta da hasken tocilar waya.

Rubutawa kuwa tona asiri take yi. Sai da muka jera komai a takarda na ga wata bireka mai amfiya 32 zaune a kan siririyar wayar fitila mai kaurin 1.5. Bireka waya take karewa, ita kuwa wannan wayar sai ta narke kafin birekar ta faɗi. Muka sauke ta zuwa 10. Na ga kuma esi uku da firizar mai ƙanƙara duk a kan L1 suke, L3 kuwa kusan zaman banza yake, shi ya sa katawut ɗaya ke yawan zafi har robarsa ta yi baƙi. Muka raba nauyin. Bireka biyu ba sa riƙe da komai, muka rubuta hakan a kansu don kada wani ya ɓata lokaci. Ta goma sha bakwai kuwa ta ba mu wuya. Mun kashe ta, yaron ya zagaye sama da ƙasa, komai yana aiki. Muka bar ta a kashe muka ci gaba. Dab da azahar sai ga wani almajiri ya zo ya ce ladan yana tambaya ko lafiya, lasifika ta ƙi kamawa. Ashe tun shekarun baya Kawu ya ba ƙaramin masallacin bayan ginin wuta sadaka, waya ta bi ta ƙarƙashin rufi, har shi kansa ya manta. Muka mayar, muka aika da ban haƙuri, aka rubuta mata sunanta.

Soket ɗin sola muka canza musu fuska zuwa ja, kamar yadda ake ware na wutar gaggawa a asibitoci da bankuna da yawa. Wannan ya kashe wata rigima da ta daɗe tana cin 'yan haya. Inbatar Kawu kilowat biyar ce ba ta cika ba, an sa ta ne don fitilu da fanka da kwamfutoci da firjin magani. Dutsen guga ɗaya kuwa yana iya jan wat 1,000 zuwa 2,000. Duk ranar da tela ya soka dutsensa a soket ɗin da ya ga yana da wuta, kafin isha batir ya ƙare, firjin mai kemis ya mutu da allurai a ciki, a wayi gari ana zargin juna. Telan ya rantse mini bai san akwai bambanci ba, kuma na gaskata shi, domin soket biyun farare ne, a jere suke a bango ɗaya. Mai kemis da ya ga jan soket da rubutun "Sola: banda guga, banda hita" sai ya ce, "Malam, ai da ginin nan kamar kantata yake a ce an ɓanɓare sunan kowace kwalba." Wayar maja ma ba mu cire ta ba, don sana'ar mutum ce. Mun sa mata canjoba tata a cikin shagon, yadda ba za ta taɓa haɗuwa da wayar ginin ba, muka rubuta daga inda take zuwa. Haɗarin barin ta sake ba ƙarami ba ne. Wutar inji in ta koma baya ta bi layin gwamnati, taransifoma sai ta ɗaga ta zuwa dubban bolt, ma'aikacin da ya hau falwaya yana ganin layi a kashe yake ya gamu da ajalinsa, wanda ya jawo kuwa yana shagonsa bai ma sani ba.

A kan rufi muka ƙarasa. Faifan sola ba shi da makunni a jikinsa, muddin rana tana sama yana haifar da wuta, ko an kashe komai a ƙasa. Wutarsa kuma mai tafiya hanya ɗaya ce, in ta yi tartsatsi ba ta saurin mutuwa kamar ta NEPA. Muka bi bututun da ya sauko daga rufi muka sa masa alama a kowane hawa, muka ware wayar tarawa da ta ɗebewa a bakin batir, muka rubuta a kan makunninsa cewa na sola ne.

Da me za a rubuta, shi ma magana ce a garin da zafi ke haura digiri 40. Salatif ɗin takarda yana ɓanɓarewa kafin damina, maka tana koɗewa. Mai POS ya yi tayin ya buga mana a takardar injinsa, na gode masa na ƙi, domin takardar nan da zafi ake rubutu a kanta, zafi kuma shi ke baƙanta ta ko ya share ta. Wani mai zanen allon shaguna a kusa da kasuwa ya sassaƙa mana sunayen akwatuna da gargaɗin a kan farantin roba mai launi biyu, muka ɗaure su da ƙusa. Na soket muka buga a tef ɗin roba. Jadawalin aka rufe shi da leda mai kauri a wurin buga takardun sama, kwafi ɗaya a murfi, ɗaya a gidan Kawu, hotonsa kuma a wayar kowane ɗan haya.

Gargaɗin bakin matakala shi na fi ba muhimmanci, kuma Monday Market ce ta sa. Na zagaya ta da yamma, na ga sababbin rumfunan da gwamnatin Babagana Umara Zulum ta gina bayan gobarar da ta tashi da tsakar daren 26 ga Fabrairun 2023, washegarin zaɓen shugaban ƙasa. Kusan duk wanda na zauna da shi a Hausari yana da ɗan'uwa ko ubangida da ya yi asara a daren. Duk abin da ya tayar da gobara, tambayar farko da mai kashe ta zai yi kafin ya saki ruwa ita ce an kashe wuta ko ba a kashe ba. A gini irin na Kawu amsar ba ɗaya ba ce. Don haka farantin ya ce wuta huɗu ke shiga nan, ya jera wuraren kashe su bi da bi, da kibiya. Muka kuma sauko da makunnin inbata daga bayan durowar nan zuwa baranda, inda hannu zai kai ba sai an nemi makulli ba. Na tara maigadi da 'yan haya na nuna musu wani abu da mutane ke rikicewa a kai in hankali ya tashi: makunnin bango a ƙasarmu in ka danna shi ƙasa ka kunna ne, bireka kuwa in ka ja ta ƙasa ka kashe. Kowa sai da ya kama da hannunsa ya gwada.

Ranar da zan tafi na miƙa wa Kawu jadawalin na ce ya kashe mini shago na shida ba tare da ya taɓa na kowa ba. Ya gyara tabarau, ya bi layin da yatsa, ya ja bireka biyu, ya tura a dubo. Aka dawo aka ce shida ya mutu, saura suna nan. Ya tambayi kuɗin farantai da tef da leda, na faɗa masa, ya ce ko jarkar man inji ɗaya bai kai ba.

Abu ɗaya ne ban iya gamawa ba. A hawa na sama, wasu da'irorin sola suna amfani da nutural ɗin da'irorin NEPA, domin wanda ya yi aikin waya ɗaya kawai ya ja don ya rage kuɗi. Gyaran yana buƙatar sabuwar waya da fasa silin a ofisoshi biyu. Na sa jan gargaɗi a DB2 da DBS cewa kada a yi aiki a ɗaya sai an kashe duka biyun, na rubuta wa Kawu yawan wayar da za a saya da kaurinta. Ya ce a bari kasuwar babbar salla ta wuce, in ya tara kuɗin hayar sama zai kira ni. Daga nan ya sa aka kai ni tashar Borno Express, da ƙullin turaren wuta na kai wa Inna.